Kejin Gora a Tafkinmu

A ƙauyenmu, kudu da Barisal,
ba a tambayar inda ruwa yake.
Yana bayan ɗaki, yana gaban masallaci,
yana ƙarƙashin gadar nan ta gora ɗaya tal
da yara ke takawa zuwa makaranta,
littafi a ka, takalmi a hammata.
In damina ta kankama har gindin gado yake kwana,
baƙon da ba ya sallama kafin shigowa.

Inna ta ce kada in kai Shefali.
"Gwani ruwa ke ci," in ji ta,
tana tsince tsakuwa daga shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.
"Wanda bai iya ba, tsoro ke tsare shi a tudu."
Na yi shiru. Na san wanda take gani cikin tiren nan:
Nobin, ƙanena, ɗan shekara huɗu,
wanda bai iya ba, kuma tsoron bai tsare shi ba.
Taku ashirin ne daga murhu zuwa tafki.
Shekara talatin ke nan ina ƙirgawa.

Tukunya ce ta tafaso, ta juya ta ɗaga murfi.
Shi ke nan.
Ana zaton mai nutsewa ihu yake yi.
Ina! Shiru yake tafiya, kamar gishiri a miya.
Agwagi ma ba su fasa kiwonsu ba.
Silifa ɗaya, ja, muka tarar
tana lilo a tsakanin kainuwa.

Na kai ta dai.
Kolpona, 'yar mai fito, ta kafa kejin gora a gefen tafki,
ta shimfiɗa masa daɓen gora, ruwa iya ƙirjin yaro.
Yara tara, haƙora na kaɗawa, ido ya yi ja.
Ranar farko hura kumfa kawai suka yi.
Shefali ta sha ruwa, ta yi tari, ta ce ta fasa,
ta rantse ko wanka ta daina har abada.
Washegari ita ta tashe ni tun kafin zakara ya yi cara,
wai za mu makara wajen zuwa.

"Kwanta rigingine," in ji Kolpona, tafinta a ƙeyar yarinyar.
"Dubi kwakwar can. Kada ki yi kokawa da shi,
ruwa ba ya son gardama."
Sai ta zare hannun a hankali, kamar mai sauke jariri daga goyo.
Ta kuma ce musu: "In abokinku ya faɗa, kada ku bi shi.
Ku miƙa sanda, ku jefa jarka, ku kware baki,
ku yi masa ihun da shi ba zai iya ba,
har sai manya sun jiyo ku suna sheƙowa."

Rana ta goma sha biyu aka buɗe kejin.
Ga Inna can a matakala, wai wanke-wanke ya kawo ta,
tukunya ɗaya take ta dirza tun hantsi.
Shefali ta faɗa tsundum, hannu na sara, ƙafa na watsi,
ba kyan gani, kamar ɗan kwikwiyo,
amma ta isa wancan gaci, ta kama saiwar mangwaro,
ta waiwayo tana haki tana dariya.
Tukunyar Inna ta suɓuce, ta bi ruwa.
Ba wanda ya yi zancen ɗaukowa.

Ban ce iyo na hana ajali ba.
Amma mun koya mata gudun wuta, mun koya mata duba hanya,
yaya za mu bar ta jahilar abin da ke bakin ƙofarta?

Da daddare Inna na shafa mata mai a ka,
na ji ta ƙasa-ƙasa: "Gobe ki riƙa rufe bakin nan."
Ni kuwa har yau ruwa bai taɓa wuce gwiwata ba.
Na tambayi Kolpona ko gorar nan
za ta ɗauki mace mai shekara talatin da bakwai.
Ta ce in zo Laraba, bayan an sallami yara,
in kunya ba ta hana ni fitowa.